Tsofaffin kamfanonin Bompai da ke Kano, a mayar da su gidaje da shaguna?

Dan Dakata:
Salam yan uwa, don Allah masu sani ku fahimtar dani. Wani kamfani kusa da mu ya dade a rufe, yanzu naji ance za'a yanka filin ayi gidaje, bakin titi kuma shaguna. Doka ta yarda da haka kuwa?

Malam Injiniya:
Wa alaikumussalam. Eh ana yi amma ba kai tsaye ba, tun dokar filaye ta 1978 kasa tana hannun gwamna ne, kuma takardar mallakar fili ana rubuta abinda aka bayar dashi domin sa, to sai mai filin ya nemi izinin canza manufa, sannan hukumar tsara birane ta Kano wato KNUPDA ta duba zanen ginin. Ka tambaya ko sun samu.

Maman Sadiq:
Ni kasar wajen ce damuwata wallahi, inda aka yi shekaru ana zubar da ruwan rini da kemikal kawai sai a haka burtsatse yara su sha?? A gwada kasar tukunna. Ga kwata babu, tireloli kuma suna wucewa dare da rana.

Baffan Kakuri:
Dana, mu a Kaduna mun gani, masakar KTL ta tsaya tun 2002 dubban mutane suka rasa abinci. In aka cinye filayen nan da gidaje, ranar da wuta ta gyaru ina za'a kafa masana'anta? A raba, wani bangare a barshi.

Dan Dakata:
Nagode Baffa, gobe zan leka ofishin KNUPDA din insha Allah.