Muhawara: Shin maƙeri zai iya zaunar da maɗaurin madubi a kan bindigar da ba dominta aka ƙera shi ba?

Malam Lawal: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Ƙanena ya aiko mini da madubin saiti domin bindigar iska mai karyewa da nake korar gafiya da tsuntsaye da ita a gonar gerona da ke gabas da Daura, sai dai maɗaurin da ya zo tare da madubin ya ƙi zama. Kwarmi biyun da ke doron bindigar tazararsu milimita 11 ce, haƙoran maɗaurin kuwa an yi su ne domin doro mai faɗin kusan milimita 21, wanda ake kira Picatinny. An ce mini maƙeri zai iya gyara shi ya zauna daram.

Baba Maƙeri: Wa alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka, ɗana. Tun kafin a fara shigo da waɗannan kaya maƙeran ƙasar Katsina suke ƙera adaka suna gyara ta, kuma ƙarfe ba ya gagarar wuta da magagari. A goge abin da ya yi tudu, a cike giɓin da ya rage da sillen ƙarfe ta kowane gefe, a ɗaure sukurori da ƙarfi. Duk maɗaurin da ya kama ya riƙe, ya yi aikinsa.

Aminu: Baba, Allah ya ƙara girma. Ba na jayayya da ƙwarewarku, amma maganar cewa duk abin da ya kama ya isa, ita ce ban yarda da ita ba, domin kamawa a hannu daban take da riƙewa a lokacin harbi. Doron Picatinny sojojin Amurka ne suka tsayar da ma'auninsa a 1995, gefunansa a kusurwar digiri 45 suke, kuma yana da tsagogi a gicciye masu faɗin milimita 5.23, inda sandar da ke ƙarƙashin maɗauri take faɗawa ta hana shi zamewa. Kwarmin milimita 11 kuwa yawanci a digiri 60 ake yanka shi, kuma babu tsagi a gicciye ko ɗaya. Ke nan ko an cike faɗin da sille, haƙoran ba za su kwanta da fuskarsu duka ba, bakinsu kawai zai taɓa, sannan sandar nan da za ku goge don ta daina tokare doron ita ce kaɗai aka tanada domin tare motsi.

Baba Maƙeri: Wannan lissafin manyan bindigogi ne. Ta Lawal ƙwayar darma take jefawa, babu albarushi a cikinta, to wane bugu ne zai ture madubin?

Aminu: Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, Baba. Bindigar iska mai sifirin ta fi wasu masu albarushi wahalar da madubi, saboda sau biyu take zabura a harbi guda: idan aka saki sifirin, fistin, wato ƙarfen da yake matse iska a cikin bindigar, ya ruga gaba sai bindigar ta yi baya, da ya kai ƙarshen tafiyarsa ya daki iskar da ya matse sai ta fizgo gaba. Wannan fizga ta biyu ce take jan maɗauri yana rarrafawa baya kaɗan-kaɗan, shi ya sa masu ƙera irin waɗannan bindigogi da yawa suke barin ɗan rami a doron, inda kusar tsayarwa ta maɗaurin da ya dace take shiga. Motsin kuma ba sai ido ya gan shi ba. Idan tazarar zobba biyun maɗaurin da suke riƙe madubin santimita 10 ce, kuma ɗaya ya kauce gefe da kashi ɗaya cikin goma na milimita kawai, ƙwayar za ta kauce da santimita 2.5 a nisan mita 25. Idan ya kauce da milimita ɗaya cur, santimita 25 ke nan.

Alhaji Sada: Ni ba masanin lissafi ba ne, amma na daɗe ina farauta, kuma ina bayan Aminu. Duk wanda ya taɓa hawan sallah ya san sirdin da bai dace da bayan doki ba, komai ƙarfin da aka ja majayi da shi, sai ya karkata kuma sai ya ji wa dokin ciwo. Abin da ya fi damuna ba asarar kuɗin madubi ba ce. Harbin da ya kauce yakan bar dabba da rauni ta je ta mutu a wahale, kuma a gonakinmu na yanzu da suke manne da juna, akwai yara masu kiwo da mata masu roro a bayan kowane karan gero.

Baba Maƙeri: Alhaji, na ji, kuma ba na wasa da rai. To idan sille ba zai riƙe ba, sai a huda doron a kafa sukurori, ko a ɗiga walda.

Aminu: Wannan kam ina roƙonku kada a yi shi. Abin da kuke gani a matsayin doro a bindigar Malam Lawal shi ne bututun da fistin yake gudu a cikinsa yana matse iska, kuma bangonsa ba shi da kauri. Huda da ta zarce za ta zubar da iska ko ta yaga robar fistin, zafin walda kuma zai iya lanƙwasa bututun, alhali a cikinsa akwai sifirin da yake a matse ko da ba a ɗana bindigar ba. Hanya biyu ce mai kyau, kuma duka sun fi sabuwar bindiga araha nesa ba kusa ba. Ko dai a sayi maɗauri na milimita 11, wanda ya fi kyau ya zama guda ɗaya mai kusar tsayarwa, ko a sayi mahaɗi wanda ƙasansa yake kama kwarmin 11 samansa kuma Picatinny ne. Kafin saye a auna kaurin jikin madubin, domin akwai na inci ɗaya, wato milimita 25.4, akwai kuma na milimita 30, kuma zoben wannan ba na wancan ba ne. A kuma tabbata madubin kansa irin wanda aka yi domin jure bindigar sifirin ne.

Baba Maƙeri: To ai ka dawo kan maganata, ɗana. Wannan mahaɗin da kake yabo, ba maƙeri ne ya yi shi a can ƙasarsu ba? Ka ba ni awo, in fitar maka da shi daga dunƙulen ƙarfe.

Aminu: Idan sabon mahaɗi za ku ƙera bisa awo, da kusurwar da ta dace da kusar tsayarwa, ba tare da an taɓa jikin bindigar ba, ba ni da ja, Baba. Abin da na ƙi shi ne cusa sille a ƙarƙashin maɗaurin da ba nata ba. Sharaɗina ɗaya ne: a ja layi da fensir a gindin mahaɗin, a yi harbi hamsin a kan takarda a gaban tudun ƙasa, sannan a duba ko ya bar layin.

Baba Maƙeri: Na karɓi sharaɗin. Lawal, ka kawo mini maɗaurin da awon kwarmin ranar Asabar bayan la'asar, Aminu kuma ya zo da fensirinsa.