Major label da Hausa: babban kamfani ko babban gida?

1/ Assalamu alaikum jama'a. Kalma ɗaya ce ta tsaya mini a wuya, ina neman taimakonku. Ina rubutu ne kan Gossip, wata ƙungiyar mawaƙa ta Amurka, da kundinsu Music for Men da ya fito a watan Yunin 2009. Duk wanda ya buɗe baki kan kundin nan a can, abin da yake fara faɗa shi ne "major label album" ne. Yaya za mu faɗi wannan da Hausa yadda mai karatu a Gusau ko Maraɗi zai ji nauyinsa ba sai an yi masa dogon bayani ba?

2/ Bari in fara ba ku labarin, don sai an san dawa ake sanin kibiyar da za a ɗauka. Su uku ne: Beth Ditto ke waƙa, Brace Paine ke kaɗa jita, Hannah Blilie ke ganguna. Ditto da Paine 'yan jihar Arkansas ne, amma a garin Olympia na jihar Washington aka kafa ƙungiyar a 1999. Kundayensu uku na farko duk sun fito ne ta Kill Rock Stars, wani ɗan ƙaramin kamfani da aka kafa a wannan garin a 1991. Na ukun, wanda ya fito a 2006, ya karɓu sosai a Ingila, daga nan manya suka fara zawarcinsu. Na huɗun sai ga shi da tambarin Columbia, wanda mallakar Sony ne, kuma Rick Rubin ne ya tsara sautinsa, mutumin da a lokacin yana cikin shugabannin Columbia ɗin.

3/ Kiɗan nasu ma abin tsayawa ne. Punk da disko suka haɗa, alhali a shekarun 1970 waɗannan biyu ba sa ga maciji. Punk kiɗa ne na fushi da gaggawa: jita mai ƙara, waƙa ta minti biyu, ba ado ba kwalliya, wanda bai ƙware ba ma ya hau dandamali ya yi. Disko kuwa na rawa ne, babbar ganga tana dukan kowane taki, ɗaya biyu uku huɗu ba fashi, ga kuɗi da aka zuba a situdiyo. Ƙiyayyar da masoya kiɗan rok, wanda punk reshensa ne, suka yi wa disko ta kai ranar 12 ga Yulin 1979 aka tara faya-fayan disko a filin wasa na Comiskey Park a Chicago aka tarwatsa su da nakiya, jama'a na shewa. Shekara talatin bayan wannan, ga 'yan punk suna ɗora murya mai tsawa a kan takin disko, kuma ɗaya daga cikin waƙoƙin kundin ta shafe fiye da shekara guda a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Jamus.

4/ Ɗan ratse kafin mu ci gaba. Disko ta daɗe da zama 'yar gida, muna cewa rawar disko, gidan disko, ba mai tambaya. Punk ce matsala. Bakinmu ba ya raba p da f, to idan muka rubuta ta yadda muke furtawa za ta koma "fank", ta yi karo da funk, wanda wani kiɗa ne daban na baƙaƙen Amurka, kuma daga jikinsa ma disko ya samo wani abu. A rubutu irin wannan da duka biyun za su iya haɗuwa a jimla guda, ruɗani ne babba. Na bar ta da p ɗinta.

5/ To, major label. Amsar farko da ta shigo, kuma mutum huɗu ne suka ba da ita, "babban kamfanin waƙa". Ba kuskure ba ne. A labaran rediyo ma da shi zan yi amfani idan lokaci ya ƙure. Amma ku duba abin da ya zube a hanya. Mai karatu zai ɗauka girman ofis ake nufi ko yawan ma'aikata. Alhali akwai kamfanoni masu ɗimbin kuɗi da har gobe ba a kiransu major. Abin da ya raba su shi ne hanya. Major shi ne wanda hanyar kasuwa take hannunsa: shi ke rarraba kaya zuwa shaguna da manhajojin sauraro a ƙasashe da yawa, shi ke da ƙafa a gidajen rediyo. Yau uku ne kacal a duniya, Universal da Sony da Warner. A da sun fi haka, sai suka yi ta haɗiye juna, har EMI ta Ingila ta faɗa hannun Universal a 2012.

6/ Malam, na ga shawararka ta "tambari", kuma ka kama asalin kalmar. Label ɗin da ma ita ce 'yar takardar nan mai zagaye da ake mannawa a tsakiyar faifan garmaho, mai ɗauke da sunan kamfani. Allah ya ƙara basira. Sai dai ina so mu ajiye tambari don wani aiki, za ka ga dalili a ƙasa.

7/ Wani ƙanena ya ce "ubangida". Wannan ta daɗe tana yi mini yawo a kai, don ta taɓo wani abu na gaskiya. Makaɗan fada da ubangida aka san su, shi ke ba da doki da riga da gona, su kuma ba sa yi wa abokin gabarsa waƙa. Akwai kama. Amma ƙanena, ubangida kyauta yake yi. Rigar da sarki ya ba makaɗi ba ya dawowa ya cire kuɗinta daga waƙar gobe. Major kuwa abin da yake bai wa mawaƙi a farko kafin alƙalami ne. Kuɗin situdiyo, wani lokaci har da na bidiyo, duk ana rubutawa, kuma sai an gama cire su daga kason mawaƙin kafin ya fara ganin ko sisi na ciniki. Bayan haka, a mafi yawan yarjejeniyoyi, asalin naɗin waƙar na kamfani ne. Idan muka ce ubangida mun yi wa cinikin ado da rigar da ba tasa ba.

"Dillali" kuma ta yi ƙanƙanta. Dillali la'ada yake karɓa ya tafi, kayan ba nasa ba ne.

8/ Abin da ya buɗe mini ido saƙon wata yayarmu ne daga Kumasi. Ta ce in tuna da maigida a fataucin goro da shanu. Fatake su sauka a gidansa, ya ba su masauki, ya ajiye kayansu, ya nemo masu saye, ya tsaya musu a kan bashi, kuma sunan gidan da ka sauka shi ke sa a yarda da kai a kasuwa. Yaya, kin gama magana. Kalmar da nake nema gida ce. Mun riga mun saba da gidan rediyo, gidan jarida, gidan talabijin. Me zai hana gidan faifai?

9/ Na san za a ce faifai ya wuce, yanzu a waya ake sauraro. Haka ne. Amma har yau muna cewa faifan bidiyo ga abin da ba shi da faifai ko kaɗan, kuma ba wanda ya ruɗe. Kalmar ta riga ta bar jikin roba ta koma kan abin da aka naɗa.

10/ Ga yadda suka jeru a wurina. Label, gidan faifai. Major label, babban gidan faifai, a taƙaice babban gida idan an riga an san zancen waƙa ake yi. Irin su Kill Rock Stars, ƙaramin gida, ko gida mai cin gashin kansa. Tambari kuma, Malam, ga aikinsa: Columbia tambari ne a cikin gidan Sony, kamar yadda gida ɗaya kan ƙunshi sassa da yawa kowa da ƙofarsa. Asalin naɗin da ake rigima a kansa, uwar faifai, kamar yadda muke cewa uwar kuɗi.

11/ Dalilin da ya sa na fi son babban gida shi ne tana zuwa da kayanta. Bahaushe ya san ɗan babban gida, ya san abin da ake nufi idan an ce wance ta auri babban gida: an samu rufin asiri da suna, amma akwai dokokin da ba kai ka kafa su ba, kuma 'yan unguwarku za su zuba ido su ga ko za ka ci gaba da gaishe su. Wannan zuba idon shi ne ainihin abin da kalmar take ɗauke da shi a duniyar punk. Tun a Janairun 1977 da ƙungiyar punk ta The Clash ta sa hannu da babban gidan faifai na CBS kan fam 100,000, Mark Perry, mai wata 'yar mujallar punk a Landan, ya ce a ranar punk ya mutu. Kiɗan da ya taso da cewa ba ya bukatar manya, duk ranar da ɗansa ya shiga gidan manya sai an tambaye shi me ya bari a bakin ƙofa. "Babban kamfani" ba ta sa mai karatu ya yi wannan tambayar. "Babban gida" tana sa shi.

Kuma a kan Gossip tambayar tana da amsa da kunne zai iya ji. Wanda ya saurari kundin 2006 ya saurari na 2009 zai ji an share ƙura, ganguna sun fito tsaf, an ƙara madannai, wato kiɗan kibod, ɓangaren disko ya ɗan rinjayi na punk. Ni a ganina muryar Ditto ba ta rasa komai ba, ta ma samu fili. Amma na fahimci tsofaffin masoyansu da suka yi kewar ƙurar, don a punk ƙurar ma wani ɓangare ne na saƙon.

12/ Baba, na ga gyaranka cewa a furuci "babban gida" za ta iya kama da sunan Babangida. A rubuce akwai bambanci, b biyu ne kuma kalma biyu ce, sannan a karon farko zan riƙa kawo ta cikakkiya, babban gidan faifai, kafin in gajarta.

13/ Ga jimlar yadda za ta shiga rubutuna: "Gossip suka bar ƙaramin gidan da ya raine su, a 2009 suka fitar da kundinsu na huɗu a babban gida, da tambarin Columbia." Wanda ke da rediyo a hannu, don Allah ya karanta ta da ƙarfi ya gaya mini ko ta zauna a baki. Saura kalmar cire kuɗin kafin alƙalami daga kason mawaƙi. "Fanshe jari" nake da ita a yanzu, amma 'yan kasuwar Kantin Kwari da ke nan, ku kuka san yadda ake faɗar wannan tsakanin yaro da maigidansa.