Gola ya kama balon da ɗan wajensa ya maido mishi, fenariti ne da jan kati?

Ɗan Bagalam:
Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu sanin doka ku taimaka mini, abin nan ya hana ni barci. Jiya da la'asar munka buga wasan unguwanni na hutun lakwal, ƙanena ne gola, muna gaba da ci ɗaya saura kamar minti biyar. Mai tsaron bayanmu an matse shi sai ya maido balo baya da ƙafa, kun san filinmu rairayi ne ga ruwan sama da anka yi da safe, balon ya yi wani tsalle zai wuce shi ya shige raga, yaron ya faɗa ya cafke da hannu biyu. Arbit ya busa ya nuna fenariti, kuma ya zaro jan kati wai ya hana ci. Sunka rama, daga baya sunka fidda mu a bugun fenariti. Yaron ko tuwon dare bai ci ba, yana ta cewa shi ya kashe mu. Ni dai so nake in san gaskiya kafin in yi mishi magana.

Tsohon Gola:
Wa alaikumus salam ƙanena. Busar daidai ce amma hukuncin ba daidai ba ne. Doka ta 12 ta hana gola taɓa balo da hannu in ɗan wajensa ya bugo mishi da ƙafa da gangan, haka ma in jifa ce ya jefo mishi kai tsaye. Amma hukuncinsa kufuran ne, wato bugun tazara, wanda sai wani ya taɓa kafin ya zama ci, shi ya sa arbit ke ɗaga hannu sama har a buga. Gola a cikin gidansa, wato babban filin da aka zana a gaban raga, ba a ba da fenariti don ya sa hannu, kuma ba kati, ko da balon raga zai shiga. A wurin da ya kama za a aje balo, in cikin ƙaramin gida ne, wanda ke daf da raga, a jawo shi kan layin ƙaramin gidan, 'yan wajenku su jeru kan layin raga tsakanin ƙarafuna. Tun 1992 dokar take, bayan kofin duniya na 1990 a Italiya inda ƴan baya da gola sunka riƙa cinye lokaci da maido balo. Ka ce ma yaron abin da ya yi shi ne abin da gola mai hankali zai yi, gara kufuran da ci a raga.

Mai Shayin Fada:
To ni fa yaya ban gane ba, a Canal+ na sha ganin an kori gola saboda hannu, ya za a ce ba kati?

Tsohon Gola:
Wancan a wajen babban gida ne. Da ya fita layi ya zama kamar kowane ɗan wasa, kufuran kai tsaye, in kuma ya hana damar ci bayyananniya to ja ne. Kuma inda balo yake ake dubawa, ba inda ƙafarsa take ba, layin kansa cikin gida ake lissafa shi. Mu nan da toka muke zana layi, kafin hutun rabin lokaci ƙafafu sun share ta, wallahi ina tausayin masu busa wani lokaci, da ƙiyasi suke aiki.

Malamin wasanni daga Zariya 2:
In ƙara kaɗan, don ina koya ma yara wannan. Da kai ko ƙirji ko gwiwa in an maido ma gola yana iya kamawa, haka in balon ya goce daga ƙafar ɗan baya ba da niyya ba. Amma in ya yi dabara ya ɗaga da ƙafa ya sa kai don ya kauce ma doka, shi ɗan bayan ne zai sha katin gargaɗi. Sannan tun 2019 in gola ya yi niyyar dokawa da ƙafa ya kuskure, yana da damar sa hannu, da ƙanenka ya kai ƙafa tukuna da ba laifi ko kaɗan. Kuma ku gaya ma golan ku an canza dokar riƙon balo a 2025, yanzu sakan 8 ne ba 6 ba, arbit yana ƙirga biyar na ƙarshe da yatsu, in ya wuce sakan 8 ɗin, bugun kwana za a ba abokan karawa. Golan Mamelodi Sundowns, Ronwen Williams, ta faɗa ma a kofin duniya na kulob a Amurka.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka muku da alheri, na karanta mishi duka yanzu a tsakar gida, har ya sa na maimaita wajen kai ƙafa tukuna. Gobe zan je wurin masu shirya gasar, ba don a sake wasa ba, an riga an gama, sai dai su cire mishi jan katin don kada ya bi shi, kuma a zauna da arbit ɗin cikin mutunci kafin wasan ranar Lahadi.