Wai maƙaryaci ne ke cin riba a tsofaffin labarai?

Ticha, Asawase a Kumasi: Jama'a, ni dai na ce tsofaffin labaran nan ba ƙarya suke hukuntawa ba, wanda asirinsa ya tonu kawai suke kamawa. Ku dubi Ananse, Gizon makwabtanmu Asante. Da yaudara ya kama mesa da damisa da rina ya kai wa Nyame, ubangijin sama a wajensu, aka mallaka masa tatsuniyoyi gaba ɗaya. Ina hukuncin?

Hajiya mai wake da shinkafa, Aboabo: Haba Ticha, ka tsinci guda ka bar sauran. Shi wannan Ananse da ya yi mutuwar ƙarya, aka binne shi a gona, yana fitowa da dare yana cinye doya, ina ya ƙare? Gari ya waye yana manne da mutum-mutumin danƙo, matarsa da 'ya'yansa na kallo. Kunya ce ta kai shi lungun rufin ɗaki.

Ticha: Ai kin faɗi maganata, Hajiya. Da ba su kafa danƙon ba fa? Gizonmu ma sau nawa ya damfari Kura ya kwana lafiya?

Ɗalibar jami'ar KNUST: Malam, a yi mini afuwa, akwai wanda bai shiga lissafinka ba. Labarin sarƙar wuya na Maupassant, mutumin Faransa, 1884. Matar wani ƙaramin akawu ta ari sarƙar lu'ulu'u wajen ƙawarta mai kuɗi don zuwa biki, sarƙa ta ɓace. Maimakon su faɗa, ita da mijinta suka ci bashi suka sayi irinta a kan faran 36,000, suka mayar shiru. Shekara 10 suna biya, ta koma wanki da ɗiban ruwa har ta tsufa ba lokaci ba. Ba wanda ya tona ta. Da bakinta ta faɗa daga baya, sai ƙawar ta ce ai tata jabu ce, ba ta wuce faran 500 ba.

Kawu, Alabar: 'Yata, labarin naki Ticha ya taimaka. Ita mai sarƙar da ta bari ana ɗaukar jabu a matsayin lu'ulu'u, me ya same ta? Ta wayi gari da ta gaske a akwati. Talaka ne kaɗai ya biya.

Hajiya: Wa ya tambaye ta? In na ara miki mayafi sai na yi shelar nawa na saye shi a kasuwar Kejetia? Shiru daban, musanya daban.

Kawu: Hajiya, ta ga yadda yarinyar ke rawar jiki a kan sarƙar, kalma ɗaya ta isa.

Ɗalibar KNUST: Ita ma matar akawun kalma ɗaya ta ishe ta, Kawu: "ta ɓace."

Ticha: To, mai kuɗin ta mayar mata da sarƙar?

Ɗalibar KNUST: Marubucin bai ce ba. A kan faran 500 ɗin ya tsaya.

Kawu: Ba ta mayar ba. Na san irinsu.