Kaset ya maƙale a cikin NES bayan na canza mata soket

Baban_Ilham ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu ilimin tsofaffin na'urorin gem, ku taimaka mini kafin in yi ɓarna.

Ina da Nintendo NES, irin wadda ake ɗaga murfi ta gaba a zura kaset, sannan a danna shi ƙasa ya ce ƙas. Ta yayana ce tun muna yara, ta yi shekaru a cikin kwali babu mai taɓa ta. Watan jiya na fito da ita don in nuna wa 'yata abin da ya hana mu barci a zamaninmu. Na jona, na sa Super Mario Bros. 3, sai jar fitilar gaba ta hau ƙiftawa, allon talabijin yana kawowa yana ɗaukewa. Na yi abin da muka saba, na zaro kaset na hura masa iska na mayar. Sai a karo na bakwai ko na takwas ya kama, shi ma hoton a hargitse, Mario ya koma tarin 'yan murabba'ai.

Da na gaji sai na yi odar sabon soket, wanda haƙoran kaset ke shiga cikinsa, mai fil 72. Na kwance na'urar na canza da kaina. Da ƙyar kaset ya shiga, sai da na sa ƙarfi, amma gem ya tashi tas kamar sabo. To ga inda gizo ke saƙar: yau kwana uku ya ƙi fitowa. Tiren da ake dannawa ma ya sauka ya ƙi tasowa. Na ja da yatsu har gefen takardar jikinsa ta fara yagewa. Jiya na ɗauko filaya, uwar Ilham ta ce in ajiye in tambayi masu sani tukuna.

Akwai wasu kaset biyar, uku daga ciki tun farko ƙiftawar kawai suke yi. Tsohon soket ɗin ban jefar ba, yana nan a leda.

Injiniya_Sabo ya amsa:

Wa alaikumus salam. Baban Ilham, ka yi wa uwar Ilham godiya, filaya da ta fasa robar kaset ɗin, garin neman gira a rasa ido.

Matsala biyu gare ka, kuma ba su haɗa hanya ba. Ta tire ita ce mai sauƙi. A gaban tiren nan ta ƙasa akwai wani ɗan leɓe na roba da dole ya shige ƙarƙashin allon lantarkin da ke cikin na'urar lokacin mayarwa. Kusan duk wanda ya fara kwance NES sai ya ɗora shi a sama, ya kuma ɗaure sukurorin gaba tam, sai tiren ya ɗan lanƙwashe, makullin da ke riƙe shi ya daina saki. Cire wuta, kifa na'urar, kwance sukurori shida na ƙasa, ɗage murfin da farantin ƙarfen da ke rufe da ciki, sassauta sukurorin tire. Sau da yawa kana sassautawa za ka ji ya taso da kansa.

Da murfin a buɗe kana da wurin kama kaset da hannu biyu, gefe da gefe. Ka riƙa karkaɗa shi hagu da dama a hankali kana ja, kada ka ɗaga shi sama. In ya ƙi, kwance tiren gaba ɗaya ka zare soket ɗin daga jikin allo tare da kaset ɗin, sai ka raba su a hannu.

Shi kuwa riƙon da ya yi, halin sababbin soket ne da yawa, haƙoransu sun fi na asali matsewa. Shi ya sa gem ya tashi tas, shi ya sa kuma ya ƙi saki. Da irinsu ba ka ma buƙatar danna tire ƙasa, kana zurawa zai yi aiki. Abin da ya sa ba na son su shi ne duk shiga da fita suna kankare ruwan zinaren da ke kan haƙoran kaset, kuma wannan in ya tafi ya tafi. Ni a wurina tsohon da ke cikin ledar nan ya fi sabon daraja. Laifinsa ɗaya: shekara da shekaru ana danna kaset ƙasa, haƙoransa sun saki jiki, ga datti ya taru. Ka wanke shi da burushin haƙori da sinadarin isopropyl, wani irin sifirit na goge kayan lantarki, sannan ka sa allura ka ɗan ɗago kowane haƙori na jeren da kaset ke taɓawa, kaɗan kawai. Aikin haƙuri ne, ni nakan yi shi ne in gida ya yi tsit. Wasu tafasa shi suke yi a ruwa na 'yan mintoci su shanya ya bushe ƙayau. Na gwada, yana fitar da datti, amma ban yarda yana mayar wa ƙarfe ƙarfinsa kamar yadda ake zuzutawa ba.

Maman_Fahad ta amsa:

Ni hura iskar nan ce ta tsaya mini a rai. Dukanmu mun yi, amma ba ita ke gyara ba. Zarewa da mayarwar da kake yi ne ke sa haƙoran su sake samun wurin zama. Abin da bakinka ke ƙarawa danshi ne da yawu, su ne ke zama baƙin nan da kore-koren da ake gani a bakin tsofaffin kaset.

Kafin ka mayar da kowane soket, fara da kaset ɗin, in ba haka ba dattinsu za su sake zubawa a ciki. Audugar goge kunne, a tsoma a isopropyl mai ƙarfi, kashi 90 ko sama, a goge haƙoran gaba da baya. Ta farko za ta fito baƙa ƙirin, ka ci gaba da canzawa har wata ta fito fara. Wanda ya yi taurin kai sai an buɗe shi. Na farko-farko sukurori biyar gare su irin na gama-gari, na baya kuwa uku ne masu kan tauraro, sai da sukundireba ta musamman da ake kira gamebit, mai milimita 3.8. In ka buɗe, farin abin goge fensir ya isa. Sanfefa da man goge tagulla ka nisance su, za su sa shi ƙyalli yau, su cinye rufin haƙoran.

Ɗan_Sega ya amsa:

Yallaɓai duk wannan doguwar hanya ce. Ƙiftawar nan aikin wani ɗan cif ne mai suna 10NES da Nintendo ta sa don hana kaset marasa lasisi. Akwai ɗaya a na'ura, ɗaya a kaset, in ba su gaisa ba sai na'urar ta riƙa sake tashi kusan kowace daƙiƙa. Yanke ƙafa ta 4 ta cif ɗin da ke cikin na'urar, ƙiftawa ta ƙare har abada. Nintendo da kanta ta cire shi a samfurin 1993 mai sa kaset ta sama. Mu dai 'yan Mega Drive, na'urar gem ta kamfanin Sega, ba mu san wannan wahalar ba.

Injiniya_Sabo ya amsa:

Ɗan Sega, bayaninka daidai ne, amma maganin ba na ciwon nan ba ne. In ya yanke ƙafar fitila za ta daina ƙiftawa, amma kaset mai datti zai ba shi allo toka a tsaye cik, ko hoto a hargitse kamar da. Inda yankan ke da amfani shi ne in kaset na Turai ne na'ura ta Amurka, ko akasin haka, don cif ɗinsu ba ɗaya ba ne. Baban Ilham, duba jikin ukun nan ka ga ko akwai mai rubutun PAL, wato na Turai. Kuma mutumin da ya kwance na'ura sau ɗaya tire ya maƙale, ban ce a miƙa masa abin yanka a kan allo ba tukuna, ka yi haƙuri Malam.

Baban_Ilham ya amsa:

Injiniya na karɓi wannan, gaskiya ce. Leɓen nan kuwa a sama na same shi, yadda ka faɗa. Ina sassauta sukurori biyu na gaba tire ya yi tsalle. Kaset sai da na zare soket ɗin gaba ɗaya kafin ya saki, kuma ga layi-layi a kan haƙoransa da babu su da.

Na mayar da tsohon bayan na yi masa aikin allura, ya ci mini kusan awa ɗaya. Hajiya Maman Fahad, auduga tara na ɓata a kan kaset ɗaya. Cikin ukun biyu sun tashi a karon farko. Na ukun Zelda ne, mai ruwan zinare, babu PAL a jikinsa. Ya tashi bayan na sake goge shi, sai dai sunan yayana da nake tsammanin gani a ajiye babu shi, kuma duk abin da na adana, ina kashewa ya ɓace.

Maman_Fahad ta amsa:

Batir ne. A cikin kaset ɗin akwai CR2032, shi ke riƙe abin da aka adana, kuma naka zai iya yiwuwa tun wajen 1987 yake ciki. Sunan yayanka ya riga ya tafi, sai haƙuri. Ba cirewa ake yi da hannu ba, a liƙe yake da dalma, don haka ka nemi mai 'yan ƙafafu a jikinsa, ka lura da gefen da ke da alamar tarawa kafin a cire tsohon. In ba ka taɓa riƙe ƙarfen liƙi ba, ba wa wanda ya iya. Bayan an sa, duk lokacin da za ka kashe na'urar ka danne RESET ka riƙe, sannan ka kashe POWER, in ba haka ba wata rana za ta share maka abin da ka adana ko da batirin sabo ne.