Wane Suna Za Mu Ba Irin Su Kaza da 'Ya'yanta?

'Yan uwa masu sha'awar kallon taurari a nan Legas, ina neman shawararku a kan sunan da za mu riƙa rubutawa a ƙarƙashin hotunan da muke ɗauka da ƙaramin madubin hangen nesa, wato na irin tarin taurarin da Turawa ke kira "open cluster".

Misalin da kowa ya sani shi ne Kaza da 'Ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, take kuma lamba ta 45 a jerin abubuwan sararin samaniya na masanin taurari Charles Messier. Ido yana ganin shida ko bakwai, amma taurarinta sun haura 1,000, an haife su daga gajimaren iska da ƙura guda ɗaya kimanin shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma haskensu yakan yi tafiyar shekara kusan 440 kafin ya iso gare mu.

Kalmar "gungu" a matsayin fassarar "cluster" ba ta da gardama. Wani malami a Agege ya ba da shawarar "buɗaɗɗen gungu", sai dai buɗewa ta ƙofa ce ko ta fili, ba ta nuna yadda taurarin suke da juna ba. "Warwatsattse" kuwa ta wuce gona da iri, domin abin da ya riga ya watse ai ba gungu ba ne.

Ni na fi gamsuwa da "gungu mai sako-sako". Ƙarfin da ke riƙe taurarin da juna yana da rauni, shi ya sa a hankali suke rabuwa cikin ɗaruruwan miliyoyin shekaru. Hoton ma yana shaida haka: kowane tauraro yana fitowa daban, da duhu a tsakaninsu, ko da hasken fitilun Legas da hazon hunturu sun tilasta mana ɗaukar gajerun hotuna masu yawa mu haɗa su a kwamfuta maimakon dogon ɗauka guda.

Wannan suna yana kuma ba mu kishiyarsa, "dunƙulallen gungu", domin irin su Omega Centauri, waɗanda tsofaffin taurarinsu suka cure har tsakiyarsu ta zama haske ɗaya a ƙaramin madubi. Idan babu mai wata hujja, zan fara amfani da sunayen biyu a hotunan watan Disamba.