Shawarwarin da aka ba 'yar'uwarmu mai tafiya Tailan

Ranar Lahadi bayan sujada, mun zauna a majami'armu da ke Sabon Tasha domin wata 'yar'uwa da ta sami aikin koyar da Turanci a Tailan.

Maganar takardu ba ta ɗau lokaci ba: a kai shaidar digiri Abuja a tantance ta, a riƙe katin rigakafin cutar shawara, kada kuma a shiga aji sai da izinin aiki. Makarantunsu a watan Mayu suke buɗe sabuwar shekara.

Inda aka daɗe shi ne batun bangaskiya. Mafi yawan mutanen ƙasar mabiya addinin Buda ne, Kirista kuwa wajen kashi 1 cikin 100. Wani dattijo ya ce, "'Yata, ki nemi ikilisiya tun makon farko, ko da mutum goma ne a ɗaki." Wata uwa daga zumuntar mata ta ce ta tafi da Littafi Mai Tsarki na Hausa, don ranar da kewa ta taso, addu'a da harshen gida ta fi sanyaya zuciya. Wannan ta fi shiga raina. Kan yi wa ɗalibai wa'azi an ɗan yi ja-in-ja. Ni ina tare da masu cewa aji na darasi ne, halinta ya zama shaidarta, wanda ya tambaya ta amsa masa.

An kuma ja mata kunne: kada ta taɓa kan yaro, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta kame bakinta kan gidan sarautarsu, domin dokarsu na ɗaure wanda ya ci mutuncinsa har shekara 15.